Daga Rumfar Kurmi Zuwa Filaza: Tarihin Kuɗin da Ɗan Hayar Shago Ke Biya

Maƙalar wannan makon a kan hayar shago ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, haushi ne ya fara tura ni bincikenta kafin sha'awar tarihi ta biyo baya.

A farkon 2022, na gama difloma ina zaman jiran aiki, sai ni da yayana muka haɗa ɗan abin da muke da shi muka kama shago a wata filaza, muka zuba kwamfuta biyu da injin fotokwafi. Mun biya hayar shekara guda cif, naira 350,000. Mun biya la'adar ejan, mun biya kuɗin lauyan da bai taɓa ganin fuskarmu ba. Takardar yarjejeniyar shafi huɗu ce da Turanci, kuma a shafi na uku akwai wani layi da ya ce ɗan haya zai riƙa biyan kasonsa na kuɗin hidimar gida gwargwadon yadda mai gida ya yanka lokaci zuwa lokaci. Ni na karanta layin, ni na fassara wa Yaya. Ya dubi ejan ya ce nawa ke nan? Ejan ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ɗan abin shara ne da mai gadi da man inji, ba zai wuce dubu biyar a wata ba." Muka sa hannu.

Shekarar ce kuɗin man gas ya ninka fiye da biyu. Kafin ta ƙare, kuɗin hidimar nan da a kasuwa ake kira sabis caji ya koma naira 20,000 a wata. Ku lissafa: 240,000 ke nan a shekara, fiye da kashi biyu cikin uku na hayar kanta. A nan na fara tambayar kaina, wai yaushe aka soma wannan abu? Kakanninmu da suka zauna a rumfunan Kurmi me suke biya, kuma wa suke ba?

An kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayani mafi fitowa fili a kan hayar rumfunanta ya zo ne daga Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya tarar kasuwa a tsare, kowace sana'a da layinta. Ya ce Sarkin Kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna, wata-wata ake biya, kuma kuɗin yana shiga cikin kuɗin shigar sarki. Bayan haya akwai wani ɗan kaso da Sarkin Kasuwa ke karɓa a kan ciniki: wuri 50 a duk cinikin da ya kai wuri 8,000, wato zambar takwas. In ka raba, wuri ɗaya ke nan a cikin kowane 160. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Na farko, haya ta wata ce. Wanda ciniki ya juya wa baya yana iya tattara kayansa a ƙarshen wata ba tare da ya bar kuɗin wata goma sha ɗaya a hannun kowa ba. Na biyu, kuɗin da ke bayan haya yana tafiya ne da ciniki. Ranar da ba ka sayar ba, ba ka biya.

Baƙon fatake kuwa nasa tsarin ya ma fi wannan sauƙi, domin shi ba ya kama rumfa. Gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ba shi wurin ajiye kaya, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, in an ɗauki kaya bashi ya tsaya masa har kuɗi su fito. Ba a yanka masa kuɗin ɗaki daban, kuɗin tuwo daban, kuɗin gadi daban. Duk suna cikin la'adar da ke fitowa idan an yi ciniki. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya same shi yana aiki tsakanin masu gida da fataken shanu da na goro, Polly Hill ma ta same shi a Kumasi. Ba ina cewa zamanin nan ba a cuci kowa ba. Fatoma ma mutum ne, kuma baƙon da bai san gari ba a hannunsa yake. Amma dai cin mai gida a ɗaure yake da cin baƙonsa. In shanu sun kwana ba a saya ba, su biyu suka kwana da yunwa.

Idan rigimar haya ta kai gaban alƙali a wancan zamani, littattafan Malikiyya ake buɗewa, kuma wanda duk ya yi karatun zaure ya san Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin da ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya. A babin ciniki ta kawo hukuncin haya a taƙaice. Sharaɗin ingancinta shi ne a yanka lokaci, a kuma ambaci kuɗi. Mutuwar wanda ke zaune a gida ba ta warware hayar. Amma idan gidan ya rushe kafin lokaci ya cika, haya ta warware a abin da ya rage. Dalilin a fili yake: amfanin wuri ka saya, in amfanin ya tafi babu abin da za a ci kuɗinka a kansa. Ku ajiye wannan hukunci a gefe, za mu dawo kansa.

Turawa sun ci Kano a 1903. Abin da ya sauya harkar haya ba bindigarsu ba ce, takardarsu ce. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don duba sha'anin ƙasa a Arewa, bisa neman Gwamna Percy Girouard, kuma daga rahotonsa aka fitar da dokar ƙasa ta 1910. Dokar ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Kamfanin Bature ko baƙon ɗan kasuwa ba ya sayen fili ya zama nasa har abada. Izinin zama ake ba shi da takardar shaida, ya riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara, kuma gwamna yana sake duba kuɗin nan a tsakanin da bai wuce shekara bakwai ba. Wannan sharaɗi na sake duba kuɗi bayan wasu shekaru ya yi kama da layin nan da kuke gani yau a takardar haya, mai cewa za a sake zama kan farashi bayan shekara biyu ko uku.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kamfanoni suka karɓi filaye a wajen ganuwa kusa da tasha suka gina kantuna. Kalmar kanti ma daga bakinsu muka ara. Aka yanka Sabon Gari don baƙin da suka zo daga kudu, aka ba Kwarori, wato mutanen Sham da Labanan, filaye a Fagge ta Kudu, suka gina gidaje, kanti a gaba, iyali a ciki ko a sama. Wurin ne ya zama Kantin Kwari. Bayan dokar 1972 ta zamanin Janar Gowon, wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa cinikin ɗai-ɗai, harkar yadi a wurin ta ƙara komawa hannun Hausawa, gidajen zama suka riƙa komawa shaguna, ɗaki ɗaya a tsaga shi biyu, zaure ya zama shago, ƙarƙashin matakala ma ya zama shago. Shi ya sa har gobe in za a yi maka kwatancen shago a Kwari, da gidan wane ake yi.

Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan wannan turba, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin Janar Obasanjo, ta shimfiɗa tsarin a kan Nijeriya duka: ƙasa a hannun gwamnan jiha take, shi ke ba da izinin zama, yana da ikon karɓar kuɗin ƙasa da sake duba shi. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, shi kansa mai gidan nan da kake jin tsoro ɗan haya ne a wani mataki. Mai tebur a bakin shago yana biyan mai shago, mai shago yana biyan mai gida, mai gida yana biyan gwamnati. Duk abin da aka ƙara a sama yana gangarowa, kuma ba ya gangarowa shi kaɗai, kowane mataki sai ya ɗora nasa. A 1824 tsakanin mai rumfa da sarki mutum ɗaya ne. Yau ka iya ƙirga uku ko huɗu, ban da ejan.

A cikin wannan tafiya ce hayar wata ta koma ta shekara, wani wurin ma shekara biyu a dunƙule kafin a ba ka makulli. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kuɗi na zubar da daraja, shari'ar fitar da ɗan haya tana cin lokaci, mai gida kuma yana son jarin ƙara gini ba tare da ya je banki ba. Abin dariya shi ne, su Turawan da muka ari takardar daga gare su ba haka suke yi ba. A Ingila al'adar hayar kanti wata uku-uku ce, a ranaku huɗu da suka gada tun da daɗewa: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. Mun ari takardar, mun ƙara mata nauyin da babu shi a gidansu.

Yanzu mu koma kan gidan da ya rushe, domin a nan ne hanyoyin biyu suka rabu sosai.

A 1647 wata kotu a Ingila ta yanke hukunci a shari'ar da ɗaliban lauya suka sani da sunan Paradine da Jane. Jane ya karɓi hayar ƙasa a hannun Paradine. Yaƙin basasar Ingila ya taso, rundunar Yarima Rupert ta kore shi ta mamaye wurin kimanin shekara uku. Da ƙura ta lafa mai ƙasa ya nemi kuɗinsa na shekarun nan. Jane ya ce ina zan samo, alhali ko ƙwaya ban girba ba? Kotu ta ce sai ya biya. Hujjarta ita ce, shi ya ɗora wa kansa alƙawarin da bakinsa, kuma da ya so da ya sa sharaɗin yaƙi a cikin takarda tun farko. A Hausance dai cewa suka yi kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shekara goma sha tara bayan haka wannan ƙa'ida ta kusa hana a sake gina Landan. A watan Satumba na 1666 gobara ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Mafi yawan mazauna birnin 'yan haya ne, kuma takardunsu sun ɗora musu gyaran gida da biyan haya ko me ya faru. Ga mutum kayansa sun ƙone, shagonsa ya zama toka, doka kuma ta ce ya ci gaba da biyan hayar tokar, ya kuma sake gina wa mai gida gidansa. Da an bi wannan sak, da kowa ya gudu. Sai majalisarsu ta kafa kotu ta musamman a 1667, alƙalai suka zauna ba tare da karɓar lada ba, aka ba su ikon taɓa yarjejeniyar da ke tsakanin mutane. Tambayar da suke yi ita ce, wa zai iya gini da wuri? In ɗan haya ne, a rage masa kuɗi a ƙara masa shekaru. In ba zai iya ba, a warware hayar, mai gida ya karɓi filinsa. Amma kotun ta wannan gobarar ce kawai. Asalin ƙa'idar ta zauna daram, kuma da ita dokar Ingila ta shigo mana. Shi ya sa lauyan kirki a can ba ya barin ɗan haya ya sa hannu sai an rubuta cewa haya za ta tsaya idan wuri ya ƙone, har sai an gyara.

Ga Risala ta ce in gida ya rushe haya ta warware, ga dokar Turawa ta ce in ba ka rubuta ba ka biya. Ɗan kasuwar Kano yana zaune ne a tsakanin biyun, kuma sau da yawa bai san wacce ya sa wa hannu ba. Wannan ba maganar littafi ba ce. Duk wanda ke Kano a watan Maris na 2016 ya tuna daren da kasuwar Sabon Gari ta kama, dubban shaguna suka tafi. Bayan jaje da rabon tallafi, akwai tambayoyin da ba a cika jin su a rediyo ba. Wanda ya biya shekara guda wata biyu kafin gobara, ina sauran wata gomansa? In an sake gini, shi za a mayar ko wanda ya fi shi kuɗi? Tallafin da za a bayar, na wanda sunansa ke kan takardar rumfa ne ko na wanda kayansa suka ƙone a ciki? A kasuwanninmu waɗannan sau da yawa mutum biyu ne daban. Ku da ke rubuta labarai, kuna yawan ƙona wa Alhaji shago don ku talauta shi a babi na biyar, washegari kuma ku tsallaka da shi ƙauye. Ainihin labarin yana cikin makonnin da kuka tsallake.

Saura kuɗin hidima, wanda shi ne auta a gidan amma ya fi kowa ci.

Rumfar Kurmi ba ta da abin da za a yi tarayya a kansa sai hanya da rana. Da aka fara gina gini guda mai ɗauke da shaguna da yawa, sai aka sami abubuwan da ba na kowa ba kuma na kowa ne: matakala, baranda, banɗaki, fitilar waje, filin ajiye mota, rufi. Manyan gine-ginen ofisoshi sun daɗe da wannan matsala, amma rukunin kantunan Amurka ne suka mayar da ita tsari mai lissafi. A watan Oktoba na 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minesota, wanda Victor Gruen ya zana, rukunin kantuna a rufe ruf ƙarƙashin rufi guda, ana sarrafa iskar ciki yadda sanyin ƙanƙarar garin ba ya shafar mai sayayya. Ɗumama wannan fili da share shi da haska shi kuɗi ne mai yawa, kuma ba shagon kowa ba ne. Tsarin da ya bazu a irin waɗannan wurare shi ne a tara abin da aka kashe a shekara, a raba wa 'yan haya gwargwadon faɗin shagon kowa. A da yawansu ma haya kashi biyu ce, tsayayyen kuɗi da kuma wani kaso na ciniki idan ya haura wani adadi. Da na karanta wannan sai na tuna wuri 50 na Sarkin Kasuwa.

Irin wannan gini ya iso Legas da The Palms a ƙarshen 2005, ya iso Kano da Ado Bayero Mall a 2014. Amma kalmar ta riga ginin yawo. Yau filaza mai shago goma sha biyu da banɗaki ɗaya ma tana da nata sabis caji. Kuma a nan ƙasar abin da ya fi cin kuɗin ba shara ba ce, wuta ce. A wasu ƙasashe mai gida gini yake ba ka. A nan kuwa shi ne kamfanin wutarka da injinsa, shi ne hukumar ruwanka da rijiyar burtsatsensa, shi ne 'yan sandanka da mai gadinsa. Duk abin da ya taɓa mai ko lantarki a kan wannan kuɗi yake sauka. Man gas ya tashi a 2022, an cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu layin da ake kira Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, fiye da ninki uku. Hayarka tana nan yadda aka rubuta, amma abin da ke fita daga aljihunka ya sauya sau uku.

Ni ba na ganin laifin kuɗin hidima a kan kansa. Mai gadi sai an biya shi, inji ba ya shan ruwa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rabo, kuma sai da na nemi ganin lissafi na gane haka. Filazarmu shago 24 ce, kusan duk girmansu ɗaya. Abin da ake kashewa a wata, yadda ejan ya faɗa, naira 360,000. In ka raba gida 24, kowa 15,000 ne. To me ya kawo 20,000? Shago shida babu kowa a ciki, domin mai gida ya ƙi rage farashinsu, sai aka raba kuɗin a kan mu 18 da ke nan. Wato mu ke biya wa mai gida kason shagunan da shi ya zaɓi ya bar su a rufe. A manyan takardun haya wannan magana ce da ake ja-in-ja a kanta kafin a sa hannu: da faɗin ginin duka za a raba, ko da faɗin inda ke da mutane? Kalmomi kaɗan ne, amma a wurinmu naira 60,000 ne a shekara.

Sai na biyu. Mu da injin fotokwafi, tela da kekensa na ƙafa, da mai sayar da ƙanƙara da firiza huɗu, duk kuɗin wuta ɗaya muke biya. Telan nan dattijo ne, shi ya fi kowa cutuwa, kuma shi ya fi kowa shiru. Na uku shi ne bambanci tsakanin gyara da sabon abu. Zuba wa inji baƙin mai da sauya masa tacewa hidima ce, kowa ya yarda. Amma ranar da inji ya mutu aka ce kowane shago ya kawo naira 70,000 a sayi sabo, sai na ce to in mun tashi baɗi, wa zai tafi da injin? Dukiya ce da za ta zauna wa mai gida shekaru, an saya da kuɗin wanda ke da wata bakwai a gaba.

Wasu wurare sun yi ƙoƙarin sa wa abin linzami. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, zamanin Gwamna Fashola, ta shafi gidan zama da wurin kasuwanci, duk da ta cire unguwanni irin su Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA. Ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya. Ta ce kuɗin hidima a ba shi rasit nasa daban, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi lissafi a rubuce aƙalla duk wata shida, ya ga inda kuɗinsa suka shiga. Ta kuma sa wa ɗan hayar shekara notis na wata shida, na wata kuma wata guda, amma fa idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Ku lura da wannan "idan". Takardar da ka sa wa hannu tana iya rage maka abin da doka ta ba ka. A Ingila kuwa ƙungiyar masu kimanta gidaje ta wajabta wa 'ya'yanta tun Afrilun 2019 kada a karɓi fiye da abin da aka kashe, a kuma ba 'yan haya kiyasin shekara tun farko da lissafin ƙarshe. Ko ana bin dokar Legas a aikace, wannan ku tambayi wanda ya taɓa neman shago a can. Amma samun layin a rubuce ya ba ɗan haya abin nunawa.

Akwai kuma tambayar da na kai wa malaminmu na zaure, na ce, Allah ya gafarta Malam, in sharaɗin haya shi ne a ambaci kuɗi, yaya matsayin takardar da ta ce ka biya duk abin da mai gida ya yanka daga baya? Ya yi murmushi ya ce in kawo masa takardar ya gani, domin kuɗin da aka karɓa amana don a kashe a kawo lissafi daban yake da kuɗin da aka karɓa a matsayin haya. Ya ce in fara tambayar ejan wanne daga ciki yake karɓa.

Tambayar da na yi ke nan ranar da muka taru mu goma sha ɗaya a shagon telan, wata guda kafin hayarmu ta ƙare. Ejan ya zo da wani littafi mai bangon kwali, ya ce ai komai a rubuce yake. Muka bi shi layi-layi. Mai gadi na nan, shara na nan, man gas na nan, sai wani layi na naira 40,000 duk wata da aka rubuta "kulawa". Yaya ya ce, "Malam, wa ake kulawa?" Ya ce ladan wahalarsa ne na tara kuɗin. Ba mu ce kada ya ci ladan wahala ba, mun ce a rubuta shi da sunansa a takarda, a kuma yanka shi.

Mai gida bai zo ba, ta waya aka yi da shi. Ya yarda da abu uku, aka ƙara su da biro a bayan shafi na huɗu kowa ya sa hannu: rabo a kan shago 24 ne ko da mutum ko babu, mai firiza zai sa mitarsa daban, kuma za a liƙa lissafi a bakin matakala duk wata uku. Kuɗin injin da muka riga muka bayar ya ce ya wuce. Da na kawo maganar gobara, na ce a rubuta cewa in wuri ya ƙone haya ta tsaya kuma mu za a fara mayarwa, sai ya ce wa Yaya, "Alhaji, ka ja wa ƙanenka kunne, ya daina yi mana mugun baki." Dattijon tela ma ya ce in bar maganar haka nan. Aka bar ta. Mun sabunta hayar sau biyu tun daga lokacin, kuma har yau layin nan babu shi a takardarmu.